Mun Daina Kiran Sunayen Masu Bashi a Filin Asambali

A makarantar sakandaren Katolika ta kwana da nake koyarwa a kudancin Kaduna, filin asambali ɗaya gare mu. A nan muke yin alamar giciye da ƙarfe bakwai da rabi na safe, mu yi Addu'ar Ubangiji. A nan kuma, ko minti biyar ba a yi da cewa "Amin" ba, ake karanto sunayen yaran da iyayensu ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, su fito gaba su durƙusa a kan tsakuwa. Mu da muke koya musu Farawa 1:27, cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, mu ne muke riƙe da takardar sunayen. Ba yaron ne ya ci bashin ba, amma shi ke shan kunyar.

Yanke shawarar dainawa bai ba mu wuya ba. Abin da za a sa a madadinsa ne ya ci mana zango uku.

Da farko muka koma rubuta wa iyaye takarda a cikin ambulan, malamin aji ya miƙa wa yaro. Kwana biyu kawai aka yi, kowa ya gane ma'anar ambulan mai ruwan ƙasa, yara suka fara kiran masu karɓarsa "'yan ambulan". Gyaran shi ne kowane ɗalibi ya karɓi nasa a rana ɗaya, iri ɗaya, a manne: na wani rasit ne a ciki, na wani tunatarwa. Ko a haka wasu sukan ɓoye takardar a ƙasan akwati don tsoron faɗan uba, shi ya sa ma'ajin makaranta yake bin kowace takarda da kiran waya bayan mako guda. Mun taɓa aika saƙo ta hannun katikis, wato mai koyar da addini a cocin wani ƙauye, shi kuwa da kyakkyawar niyya ya sanar a coci bayan sujadar Mas. Tun daga ranar, maganar bashi ba ta bi ta hannun kowa, daga ofis sai uba ko uwa.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. Da kiran sunaye da durƙuso suka kau, wasu iyayen masu hali suka miƙe ƙafa, kuɗin shiga ya ragu, alhali kicin ba ya jira: masara da wake da manja sai an saya. Sai muka fito da yarjejeniya a rubuce. Rabin kuɗi a makonni biyun farko na zango, rubu'i kafin hutun tsakiyar zango, sauran kafin jarrabawa. Manomi yana iya kawo buhun masara ko wake a lissafa masa a farashin kasuwar wannan makon, a gaban shaidu biyu. Wannan ya taimaka ƙwarai bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023, lokacin da iyaye da yawa suka rasa abin sayarwa. Wanda ya saɓa alkawari sau biyu, shi ake kira ofis, yaron yana aji abinsa.

Ga waɗanda ba su da shi ko kaɗan, akwai akwatin taimako a ƙofar ɗakin sujada daga Larabar Toka, ranar da muke fara azumi, har zuwa Ista. Mutum uku ne kawai suka san wanda aka biya wa: shugabar makaranta, ma'aji da Fada. Matiyu 6:3 muka bi, kada hagu ta san abin da dama ke yi. Ɗalibanmu Musulmi suna cikin masu amfana, ba a tambayar addini. Wasu iyaye sun yi gunaguni, Fada ya tuna musu cewa tun 1965, a takardar Nostra Aetate, Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa.

Abin da ban zata ba shi ne kunyatarwar ta bar fili ta koma ɗakin kwana. Manyan ɗalibai da suka taso suna kallon mu, su suka ci gaba da sa ƙanana durƙuso da ɗibar musu ruwa bayan an kashe fitila. Don Bosco, wani Fada ɗan Italiya da ya yi suna wajen tarbiyyar yara, ya gina tarbiyyarsa kan hankali da addini da ƙauna, da kuma kasancewar malami a tsakiyar yara kafin laifi ya auku. Wannan na ƙarshen ne muka yi sakaci da shi. Yanzu malamai biyu suna zagaya ɗakunan kwana daga ƙarfe tara zuwa goma da rabi na dare, an kuma karɓe ikon horo daga hannun shugabannin ɗalibai, nasu rubuta suna ne kawai. Mai laifi ana fara ganin sa shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya tsara, a ofis mai ƙofa a buɗe. In ya maimaita, a kira malamin ajinsa. A karo na uku ne iyaye ke zuwa.