Idan Kwamfuta Ta Kasa Ganin Faifanta

A shagon da na koyi gyaran kwamfuta, wajen Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina, babu matsalar da take tayar wa masu kaya hankali kamar a kunna kwamfuta ta tsaya tana cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Kwamfutocin HP sukan nuna lambar 3F0, na Apple kuwa sai su riƙa ƙyafta hoton jakar fayil mai alamar tambaya. Abin da yake damuna har yau shi ne yadda wasu masu gyara suke gaggawar yin fomat, su shafe wa mutum aikin shekaru ba tare da sun bincika komai ba.

Maigidana bai taɓa lamuntar wannan gaggawa ba. Abin da ya fara koya mini shi ne in shiga BIOS, wato shafin saitin da ake iya buɗewa tun kafin Windows ta tashi, da maɓallin F10 a HP ko F2 a Dell, in duba ko sunan faifan ya bayyana. Idan ya bayyana, sau da yawa bayanan suna nan lafiya, jerin tashi, wato jerin wuraren da kwamfuta take dubawa don ta tashi, shi ne ya rikice, ko kuwa saiti ya sauya daga UEFI, sabon tsarin tashi, zuwa Legacy, tsohon tsari. A kwamfutocin gwanjo, waɗanda su ne suka fi zuwa mana, mai laifin yakan zama ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda idan ya mutu agogo ya koma shekarun baya, saiti kuma ya koma na kamfani.

Idan faifan bai bayyana ba, sai a buɗe, a zare shi, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga mahaɗinsa, a mayar da shi ya zauna daram. Tsohon faifai mai juyawa kuwa a kasa masa kunne, domin idan yana ƙas-ƙas to a kashe nan take, kowace kunnawa ƙara masa lahani take yi.

Wata ɗalibar jami'a ta taɓa zuwa idonta ya yi ja, ta ce, "Oga, don Allah, aikina na kammala karatu yana ciki." Maigidana ya ce, "Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba za mu goge komai ba." Ya sa na cire faifan, na haɗa shi da wata kwamfuta ta USB, muka kwashe fayilolinta kaf, sannan muka gyara fayilolin tashi na Windows da suka lalace.