Man zaitun mai yaji a tsaunukan Kiyanti

Kwanana huɗu da dawowa daga Italiya, har yanzu ina jin yajin man nan a maƙogwaro. Ƙanena da ke karatu a Fulorans ne ya nace: "Yaya, ba za ka koma Kano ba ka ga Kiyanti ba." Na ce masa ni da ba na shan giya, me zai kai ni ƙasar masu giya? Ya ce ai Nuwamba ce, ana tsakiyar girbin zaitun. Abokinsa ya ɗauke mu a mota, muka bi hanyar da ta ratsa tsaunuka zuwa Siyana, ko'ina ka duba hoton baƙin zakara ne, tambarin masu giyar yankin.

Mun fara da Brolio, wani katafaren gida mai ganuwa a kan tudu kusa da garin Gaiole. Zuriyar Ricasoli ke riƙe da shi tun 1141, wato lokacin da ganuwar Kano ba ta daɗe da soma ginuwa ba. Ni abin da ya tsaya mini ke nan. Mu gonar gado ba ta wuce jikoki sai a yanka ta filoti-filoti. Kakansu Bettino Ricasoli ya zama firaministan Italiya a 1861, kuma shi ne a 1872 ya rubuta yadda za a haɗa inabin giyar Kiyanti. Da aka zo wajen ɗanɗano na ce a gafarce ni, na fita na tsaya kallon layukan inabi, ganyensu ya yi ja.

Inda na ji daɗi sosai wata ƙaramar gona ce a ƙasan tudun. Mai ita dattijo ne, mun same shi ya shimfiɗa raga a gindin itatuwan zaitun, yana taje rassa da wani abu kamar matajin kai, 'ya'yan zaitun suna zuba. Ƙanena ke fassara. Ya ce mahaifinsa noman raba-daidai ya yi, rabin amfani na mai ƙasa, har aka hana sabon irin wannan ƙulli a 1964. Na lura kowace bishiya gindi uku ko huɗu gare ta. Ya ce sanyin Janairun 1985 ne ya kashe su, aka sare, suka sake toho daga kututture.

A ranar ake kai zaitun wurin matsa, ba a bari ya kwana biyu. Kilo 100 ba ya ba da fiye da kilo 12 zuwa 15 na mai, shi ya sa tsadar. Na tuna matan unguwarmu masu matsar man gyaɗa, su ko ba komai suna tsira da ƙuli-ƙuli.

Matarsa ta gasa burodi, nasu marar gishiri, ta goga tafarnuwa, ta kwarara sabon mai ta barbaɗa gishiri. Kore shar, ga ɗaci ga yaji, sai da na yi tari har hawaye. Dattijon ya yi ta dariya, wai tarin shi ne shaidar mai kyau. To wallahi wancan da muke saye a 'yan kwalabe a shagunan magungunan Musulunci, ko alhazai su kawo tsaraba, ban san me zan kira shi ba yanzu. Itacen da aka yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, sai ranar na san ainihin ɗanɗanonsa.

Lita ɗaya Yuro 20. Na taya, kamar yadda na saba a Kurmi, ƙanena ya taka mini ƙafa. Ba a ciniki a nan. Amma da na ɗauki gwangwani biyu, matar ta ƙara mini 'yar kwalba. Ashe su ma sun san gyara.

Siyana kuwa wucewa muka yi, ruwa ake. Da za mu koma jirgin ƙasa muka hau, wani mai duba tikiti ya yi mana tsawa kamar ya kama ɓarayi, don ba mu buga wa tikitin hatimi ba kafin shiga, ya ci mu tara. Gwangwani ɗaya na Hajiya ne, ɗayan na ɓoye a ɗakina.