Jan kumatu da jan jini

Shekara shida ke nan ina yi wa amare kwalliya a cikin birnin Kano, kuma a cikin kayan aikina babu wanda nake so kamar hodar kumatu, wadda 'yan mata ke kira bulosh. Ana ɗibarta kaɗan da buroshi mai laushi, a karkaɗe, sannan a shafa daga tudun kumatu zuwa wajen kunne, sai fuska ta yi kamar mai ita ta ƙoshi da barci. A irin fatarmu, launin jan ƙasa da ruwan goro sun fi zama, domin ruwan hoda mai haske yakan yi toka-toka. Wanda ya duba bayan kwalin zai sha ganin lambar CI 77491, wato jan sinadarin ƙarfe da aka tace, ɗan'uwan tsatsa, kuma shi ne ke ba hodar launinta.

Sinadarin ƙarfen nan ne kuma jiki ke buƙata domin ya haɗa himogulobin, abin da ke sa jini ya yi ja ya kuma kai iskar numfashi ko'ina cikin jiki. Sai dai na hoda a kan fata yake tsayawa har a wanke shi, ba ya ƙara wa kowa jini.

Na gane muhimmancin wannan ranar kamun 'yar ƙanwar mahaifiyata. Na gama mata kumatu, fuska ta yi kyau ƙwarai, amma da na ja fatar idonta ta ƙasa zan zizara mata kwalli, sai na ga cikin ya yi fari fat. Tafin hannu da farce duk lalle ya rufe su, ba a iya ganin ko su ma sun yi fari. Na ce, "Ƙanwata, kina yawan jin jiri?" Ta ce, "Wallahi Yaya, ko bene na hau sai na tsaya na huta, kuma ƙanƙara nake ta tauna." Bayan biki aka auna ta, aka tarar himogulobin ɗinta bai kai 12 ba, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa macen da ba ta da ciki. Al'adarta tana zuwa da yawa, karin kumallonta kuwa shayi ne da burodi kullum.

Ba ita kaɗai ba ce, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace mai al'ada tana buƙatar kimanin miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, mai ciki 27, namiji 8 kacal. Hanta da jan nama da kifi su ne jiki ya fi saurin cin moriyarsu. Wake da zogale da alayyafo da gero ma suna da shi, kuma matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale yana taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa a kan abinci yana rage hakan. Lemon malt da madara da ake haɗa wa masu jego ba maganin ƙarin jini ba ne.

Ban yarda a sayi ƙwayar ƙarin jini a kemis ba tare da gwaji ba, saboda zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna rage jini, kuma mai sikila da ake yawan ƙara wa jini ƙarfen yana iya yi mata yawa har ya cutar da ita. Yanzu duk amaryar da na ga cikin idonta ya yi fari, nakan ja ƙanwar mahaifiyarta ko yayarta gefe in roƙe ta a kai ta a auna ta kafin ta tare.