Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kiɗan da Ke Ratso Bango

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka damƙa mini mukullin ɗaki a gidajen ɗalibai na Fantoft, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, cikin Agustan 2014. Yau labarin maƙwabcina ne da wani faifai nasa.

Sai da Disamba ta kama na tabbatar na bar gida. Rana ba ta leƙowa sai wajen goma saura, kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Kana idar da Azahar La'asar na jiranka, kana shafa addu'a Magariba ta yi. A irin waɗannan dararen ne wata ƙara ta fara ratso mini bango. Wani dare muna waya da Umma ta ce, "Kai ɗan nan, can ma janareta kuke tayarwa?" Na ce a'a Umma, kiɗa ne. Ta yi jim, ta ce, "To ka riƙa tofa Falaƙi da Nasi kafin ka kwanta."

Mai kiɗan saurayi ne dogo, gashi har kafaɗa, kullum cikin baƙaƙen kaya, ga kunya kamar sabuwar amarya. Shi ya ara mini rigar ruwa a makona na farko. Da na yi masa maganar ƙarar a kicin ɗin da muke haɗawa, sai da ya ba ni haƙuri sau uku, sannan ya shiga ɗaki ya fito da faifan garmaho ya miƙo mini da hannu biyu. A jikin kwalin hoton babban cocin Nidaros ne na birnin Trondheim, cikin shuɗi mai duhu. Sunan faifan De Mysteriis Dom Sathanas, na ƙungiyar Mayhem, ya fito a watan Mayun 1994. Ya ce sunan na nufin asiran Shaiɗan. Na yi a'uziyya a zuci, amma ban ajiye kwalin ba.

Ya ce wannan shi ne ginshiƙin kiɗan da suke kira black metal, kuma a nan Bergen aka naɗe shi, a ɗakin naɗar sauti na Grieghallen, ginin da nake wucewa ta gabansa in na shiga gari. Yana magana idonsa na ƙyalli, ni kuwa jikina na mutuwa.

Mawaƙinsu na da, wani ɗan Suwidin mai suna Per Ohlin da ake kira Dead, shi ya rubuta yawancin baitocin, amma ya kashe kansa a Afrilun 1991 yana da shekara 22. Sai aka ɗauko Attila Csihar daga Hungari ya rera. Mai jita kuma jagoran tafiyar, Øystein Aarseth da ake kira Euronymous, yana da shagon faifai a Oslo mai suna Helvete, wato Jahannama. Wanda ya kaɗa jita mai kaurin amo shi ne Varg Vikernes, ɗan Bergen. A daren 10 ga Agustan 1993 Vikernes ya je gidan Aarseth a Oslo ya caccaka masa wuƙa har lahira. A watan da faifan ya fito kotu ta ɗaure shi shekara 21, hukunci mafi tsanani a ƙasar a lokacin, saboda kisan da kuma ƙona coci-coci. Iyayen mamacin sun roƙi a goge kiɗan wanda ya kashe musu ɗa. Mai ganga, Hellhammer, ya ce zai goge, bai goge ba.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Iyaye sun roƙi abu ɗaya bayan an binne ɗansu, aka ce musu to, aka juya baya. Har yau duk mai sa faifan yana jin makashi da wanda ya kashe suna kiɗa tare.

Ranar Lahadi maƙwabcin nawa ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Tafiyar 'yan mintuna ce cikin itatuwa daga masaukinmu. Muka tarar da coci na zallar katako, baƙi wuluk, rufinsa hawa-hawa, an zagaye shi da shingen waya. Ya ce wannan sabo ne, an kammala shi a 1997. Na asalin an gina shi wajen 1150 a ƙauyen Fortun, aka kwaso shi zuwa Bergen a 1883, aka banka masa wuta ranar 6 ga Yunin 1992. An tuhumi Vikernes da shi, kotu ba ta kama shi da laifin wannan ba, amma hoton ƙonannen ginin ne ya sa a kwalin wani faifansa mai suna Aske, wato toka. Muna tsaye wasu baƙi biyu masu baƙaƙen riguna suka zo suna ɗaukar hoto suna dariya.

Ya juyo ya ce, "Abokina, ka yi shiru."

Na ce masa ni ɗan Kaduna ne. A Fabrairun 2000 ina ɗan shekara goma sha biyu, kwana uku muka yi a ƙulle a ɗaki, Baba na zaune bakin ƙofa. Da muka fito na ga masallatai da coci-coci sun zama gawayi. Na ce masa na san warin wurin ibada in ya ƙone, warin tabarma da benci da takarda, kuma ba ya barin hancin yaro. Ban ɗaga murya ba, amma hannuna na rawa cikin aljihu. Bai ce komai ba har muka dawo.

Daga ranar bango ya yi tsit. Ya sayi abin sawa a kunne. Kwana biyar shirun na damuna fiye da ƙarar, domin na ga yana kauce wa idona a kicin, alhali shi bai ƙona komai ba, ba a ma haife shi ba lokacin gobarar. Daren Juma'a na ƙwanƙwasa masa ƙofa na ce ya sa mini faifan daga farko.

Waƙoƙi takwas ne, kusan minti 46. Ba zan ɓoye muku ba, akwai gwaninta a ciki. Gangunan na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, jitar na kaɗawa kamar iskar hunturu a ƙofar zaure, muryar Attila kuwa gurnani ce da nishi, wani lokaci kamar mai kuka a cikin rijiya. Da aka zo waƙa ta biyu, Freezing Moon, na ji sanyin da nake fama da shi tun Nuwamba an mayar da shi sauti. Amma kunnena ya ƙi zama a sama. Can ƙasa yake ta nutsewa, yana laluben amon nan mai kauri da iyayen suka ce a goge. Da allurar ta kai ƙarshe ya tashi ya ɗage ta, ya tambaye ni ko in sha shayi. Na ce masa zan sha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin azumina na farko a ƙasar da rana ke kaiwa sha ɗayan dare ba ta faɗi ba.