Uwar miji daga Bawku, suruka a Aboabo

A ƙarshen makon nan na kalli wani fim da wasu matasan zangon Kumasi suka shirya da kuɗin aljihunsu, ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba.

Labarin wata dattijuwa ne da ta taso daga ƙauye a yankin Bawku da ke arewacin Ghana domin ganin jikanta, ɗauke da gero da man kaɗanya da zabbi biyu, ta tarar da ɗanta da iyalinsa a ɗaki ɗaya cikin gidan haya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, inda ko wurin ɗaure zabbin babu. Surukarta tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, tana fita bayan sallar asuba, saboda haka koko da ƙosai na bakin titi ne karin kumallon gidan. A idon tsohuwar wannan sakaci ne, alhali da cinikin yarinyar ake cika kuɗin haya. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda surukar ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri," tana ɓoye hannunta da ya ƙone wajen tuƙa mata tuwo cikin gaggawa.

Na yaba musu da ba su mai da uwar miji muguwa ba, kamar yadda aka saba gani a finafinan Kumawood (masana'antar fim ta Kumasi) da Kannywood da yawa. Mijin ne ya fi ba ni haushi, domin kullum sai ya zame ya tafi majalisa. Sautin fim ɗin yana buƙatar gyara, ƙarar babura takan danne magana, amma ina roƙon mutanen zango su nema su kalla tare da iyayensu.