Yasmin mai son sanyi da yasmin da ƙasar Kabi ta karɓa

Shekara 11 ke nan ina renon fulawa a Birnin Kebbi. Lambun ƙarami ne, a gefen hanyar Argungu, ni da yara uku da rijiya ɗaya. Da hunturun bara wata Hajiya ta tsaya da mota, ta miƙo mini waya. Hoton wata katanga ce, rassa sun zubo daga samanta cike da fure rawaya, ko ganye ɗaya babu.

"Malam, wagga nika so a gidana. Ko nawa ta, a samo min."

Na ce, "Ranki shi daɗe, na san ta, amma ba zan karɓi kuɗinki a kanta ba."

Yasmin ɗin sanyi ne. Asalinsa ƙasar Sin, daga can wani mai neman tsirrai, Robert Fortune, ya kai shi Ingila a 1844. A can yakan zubar da ganye in sanyi ya shigo, sannan ya yi fure a kan reshe tsirara daga wajen Nuwamba har Maris, lokacin da sauran lambu ya yi tsit. Sanyin nan mai sa ruwa ya daskare ba ya yi masa komai, shi ne ma yake tayar da furen. To mu hunturunmu, duk da tsagewar leɓe da ƙafa, da rana zafi yakan haura digiri 30, a watan Afrilu kuwa ya wuce 40. Ko ya rayu a nan, katangar cikin hoton ba za ta samu ba. Abin da ya fi ba Hajiya mamaki shi ne da na gaya mata furen ba shi da ƙamshi, ita kuwa sunan yasmin ne ya ja ta.

Sai na kai ta ƙarƙashin dogon yaro inda nake jera farin yasmin, wanda ake kira na Larabawa. Wannan ɗan ƙasar zafi ne. Furensa ƙanana ne farare, da yamma suke buɗewa, bayan isha'i ƙamshin ya cika tsakar gida. Irinsa ake sa wa ganyen shayi a Sin.

Aikinsa daga ƙasa yake farawa. Lakar fadama ita kaɗai tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, yashi kuma ba ya riƙe komai. Nakan haɗa kashi biyu na ƙasar fadama, ɗaya na yashi, ɗaya na takin shanu da ya daɗe ya huce, in ƙara ɓuntun shinkafa da aka babbake, wanda ba ma rasawa a Kabi. Maganar hucewar taki ba wasa ba ce. Farkon shigata sana'ar na zuba ɗanyen kashin kaji a leda 60, cikin mako guda duk suka ƙone, har yau ina jin zafin asarar nan.

Dashe da damina muke yi, Yuli zuwa Agusta. A yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, a cire ganyen ƙasa, a binne gaɓa biyu, a ajiye a inuwa. Cikin mako huɗu zuwa shida yakan yi saiwa. Wanda ba ya son kasada sai ya kwantar da reshen a ƙasa ba tare da ya raba shi da uwar ba, ya danne da dutse, in ya kama sannan ya yanke.

Bazara ita ce jarrabawar. Ina son ya sha ranar safe, daga azahar inuwar katanga ta rufe shi. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Da hunturu a rage ruwa, a riƙa wanke masa ƙura, domin a ƙarƙashin ganye mai ƙura ƙananan ƙwari suke taruwa. In na ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ruwan 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu nake fesawa da yamma. Da fure ya ƙare kuma a rage masa kai, saboda a sabon toho yake sake fitar da wani. Nan ne masu gida suke jin tausayin almakashi, itacen ya yi tsawo a banza.

Hajiya ta ɗauki tukunya huɗu. Na bi ta gidan a unguwar Gesse da kaina, na zaɓi gindin katangar da ke kallon gabas, kusa da tagar ɗakinta, na sa yaro ya kewaye da waya saboda awaki. A watan Mayu ta aiko direbanta ya karɓi wasu shida, za ta kai wa ɗiyarta a Jega.