Karatun ilimin garkuwar jiki a kwas ɗin jami'a ta intanet: yadda na bi shi

Kwas ɗin da na yi an tsara shi ne yadda aka saba: gajerun laccoci na bidiyo, karatu daga littafi, ɗan gwaji a ƙarshen kowane babi, aikin ɗakin gwaje-gwaje na kwaikwayo a kwamfuta, sannan babbar jarrabawa. Tsarin ba shi da laifi. Wahalar tana cikin ilimin kansa, domin ba shi da bakin zare. Ba za ka fahimci ƙwayar T (ɗaya daga fararen ƙwayoyin jini) ba sai ka san furotin ɗin MHC, MHC kuma ba ya shiga kai sai ka san yadda ƙwayar dendiritik ke sarrafa antijin (abin da garkuwar jiki ke ganewa a jikin ƙwayar cuta), ita kuwa dendiritik ba ka ganin amfaninta sai ka san ƙwayar T. Malami dole ya fara daga wani wuri, don haka a laccocin farko za a riƙa ambaton abubuwan da sai can gaba za a bayyana su. A aji, ɗalibi zai ɗaga hannu a ba shi amsa cikin jimla ɗaya. A intanet sai dai ka tsayar da bidiyo ka shiga bincike, kafin ka ankara awa ta tafi a kan kalma guda. Abin da ya yi mini aiki shi ne na rubuta duk kalmar da ban gane ba a gefe, na ci gaba har ƙarshen babin, sannan na dawo. Yawancinsu kafin na dawo sun warware da kansu.

Abu mafi amfani da na yi shi ne zana labarin ciwo ɗaya tak a babbar takarda: yanka a yatsa, bakteriya ta shiga. Na ja layin lokaci daga hagu zuwa dama, daga mintuna zuwa awowi, zuwa kwanaki da makonni. Daga sama zuwa ƙasa kuma na jera wurare: fata, jini, ƙullutun limf, saifa, ɓargo. Duk sabon sunan da lacca ta kawo sai na nema masa gurbi da tambayoyi huɗu. A ina yake aiki? Yaushe yake isowa? Me ya tashe shi? Me zai faru idan babu shi?

Ga yadda takardar ta cika. A mintunan farko furotin ɗin kwamplimen da ke cikin jini suna manne wa bakteriya, makrofej, ƙwaya mai haɗiye ƙwayoyin cuta, da ke zaune a wurin kuma tana gane ta da riseftocin TLR, wato furotin masu gane alamar ƙwayar cuta: TLR4 yana gane LPS na bangon wasu bakteriya, TLR5 yana gane furotin ɗin wutsiyar da suke iyo da ita. Makrofej ta saki saitokin, wato furotin masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, irin su TNF, IL-1 da IL-6, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe su fara yoyo, sai wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Cikin awowi nutrofil suke isowa, su ne kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin jinin baligi. Fitarsu daga jijiya mataki-mataki ce: suna mirginawa a jikin bango ta hanyar selektin, su tsaya cak ta hanyar intagirin, su kurɗa tsakanin ƙwayoyin bangon, su bi sawun IL-8 da C5a har wurin ciwon. Mugunya yawancinta gawarsu ce. A daidai wannan lokaci ƙwayar dendiritik ta ɗebi guntayen bakteriyar ta nufi ƙullutun limf mafi kusa, wanda kumburinsa ne kaluluwa. A can ake neman ƙwayar T da ta dace a cikin dubban da ba su dace ba, ta yi ta rarrabuwa, shi ya sa a karon farko sai an yi kwana 4 zuwa 7 kafin garkuwa mai koyo ta fara tasiri. A cikin antibodi, furotin ɗin da ƙwayoyin B ke ƙerawa don kama antijin, ajin IgM ke fara bayyana, IgG ta biyo baya. A karo na biyu ƙwayoyin tuni suna nan, martanin ya fi sauri kuma IgG ce ke rinjaye. Allurar rigakafi a kan wannan bambancin ta dogara.

Babin da ya fi cin lokacina, kuma ya cancanta, shi ne na MHC. Ƙwayar T ba ta ganin ƙwayar cuta ɗungurungum yadda antibodi ke gani. Guntun furotin kawai take gani, shi ma sai an ɗora shi a kan MHC. Hanyoyin biyu ne, kuma na ga ya fi sauƙi a koye su ta inda furotin ɗin ya fito. Idan a cikin ƙwayar aka ƙera shi, kamar furotin ɗin bairos, furotiyazom ke daddatsa shi, furotin ɗin TAP ta tura guntayen cikin ER, wani sashe a cikin ƙwayar, a ɗora su kan MHC na ɗaya. Tsawon guntun amino asid 8 zuwa 10 ne, kuma ƙwayar T mai alamar CD8 ce ke dubawa, aikinta kisa. Idan daga waje aka haɗiyo shi, a cikin jakar asid ake narkar da shi, ya hau MHC na biyu, guntun ya fi tsawo, daga 13 zuwa sama, kuma ƙwayar T mai alamar CD4 ce ke dubawa, aikinta ba da umarni. Akwai tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa a nan: tunda shi ma MHC na biyu a cikin ER ake ƙera shi, me ya hana shi ɗaukar guntayen da TAP ta shigo da su? Amsar ita ce an toshe raminsa da wani furotin, wanda ragowarsa ake kira CLIP, sai ya isa jakar asid HLA-DM take cire toshiyar. Wanda ya gane wannan ba ya sake rikita hanyoyin biyu.

Daga nan sauran abubuwa suke fitowa. MHC na ɗaya yana kan duk ƙwayar jiki mai cibiya (nukiliyas), domin kowace bairos zai iya kama ta. Na biyu kuwa galibi a kan dendiritik, makrofej da ƙwayar B yake. Bairos mai wayo zai rage MHC na ɗaya don ya ɓuya wa CD8, amma ƙwayar NK, wata ƙwayar garkuwa mai kisa, rashin MHC ɗin take nema, sai ta kashe ƙwayar da ta kamu. A jikin mutum sunan waɗannan furotin HLA, ƙwayoyin gadonsu suna kan kuromozom na 6, kuma bambancinsu tsakanin mutane shi ne babban dalilin da jiki ke ƙin gaɓar da aka dasa masa. A ɓera sunansu H-2. Yana da kyau a riƙa duba ƙasan kowane hoto a lacca, domin gwaje-gwaje da yawa a kan ɓeraye aka yi su, malami kuma ba kullum yake faɗa ba.

Ganin antijin kaɗai ba ya tayar da sabuwar ƙwayar T. Sai an haɗa da sigina ta biyu, CD28 na ƙwayar T ta kama B7 a jikin dendiritik, ita kuma dendiritik ba ta fito da B7 da yawa sai ta ji alamar ƙwayar cuta. Idan sigina ta farko ta zo ita kaɗai, ƙwayar T sanƙarewa take yi ta daina amsawa. Haka kuma akwai birki, CTLA-4 da PD-1, waɗanda cire su ya zama hanyar maganin wasu nau'o'in kansa, aikin da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. A nan ne na ajiye kwatancen nan na sojoji da abokan gaba da ake yawan yi. Yana taimakawa a makon farko, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa sama da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin T da ake rainonsu a taimus, wata gaɓa a cikin ƙirji, suke mutuwa tun a can, wasu don ba su iya gane MHC ba, wasu don sun kama furotin ɗin jikin mai su da ƙarfi.

Kwamplimen haddarsa ba ta da yawa idan aka fara daga tsakiya. Hanyoyi uku ne ke tashe shi, dukansu a wuri ɗaya suke haɗuwa: tsaga C3. C3b ya lulluɓe bakteriya don a haɗiye ta, C3a da C5a su kira kumburi, C5b zuwa C9 su huda bango. Tarko biyu ne a ciki. Lambobin ba jerin aiki suke bi ba, jerin ganowa ne, don haka a hanyar antibodi C1 ne, sai C4, sai C2, sannan C3. Kuma littattafai sun saɓa wajen sunan babban ɓarin C2, wani ya ce C2a, wani ya ce C2b. Ka bi wanda malamin kwas ɗinka ke amfani da shi.

Batun yadda jiki ke ƙera antibodi iri-iri da 'yan ƙwayoyin gado kaɗan, na zauna na yi lissafinsa da hannu. Antibodi sarƙoƙin furotin iri biyu gare shi, kuma ana haɗa ƙwayar gadon kowace sarƙa daga guntayen DNA. Sarƙa mai nauyi tana da kusan guntaye 40 na V, 23 na D, 6 na J, wato haɗi 5,520. Sarƙoƙi marasa nauyi, kappa da lamda, suna ba da kusan 320. Ninka su ka samu sama da miliyan 1.7, tun kafin enzayim ɗin TdT ya ƙara haruffan DNA barkatai a mahaɗar guntayen, wanda shi ne ke kai adadin inda ba ya ƙirguwa. Susumu Tonegawa ne ya nuna wannan yanke-da-haɗi, ya samu Nobel a 1987. Inda tambayoyin jarrabawa ke kama mutane shi ne bambancin RAG da AID. RAG1 da RAG2, masu yin wannan yanke-da-haɗi, suna aiki a ɓargo da taimus, kafin ƙwaya ta taɓa ganin antijin. AID yana aiki bayan an ga antijin, a cikin ƙullutun limf, a ƙwayar B kaɗai: yana gyara kamun antibodi ya ƙara ƙarfi, yana kuma sauya ajinsa daga IgM zuwa IgG, IgA ko IgE. Sauya aji ba ya canza abin da antibodi ke kamawa, gindinsa kawai ake canzawa.

Tambaya ta huɗu, wato me zai faru idan babu shi, ita ta fi riƙe mini karatun. Yaro namiji da ba shi da enzayim ɗin BTK ba ya samar da ƙwayoyin B, amma lafiyarsa ƙalau har kusan wata 6, domin IgG ɗin uwa da ta ratsa mabiyiya tana kare shi, tana raguwa da rabi duk kwana 21 ko makamancin haka. Wanda ba shi da CD40L zai tara IgM amma ba IgG, domin ƙwayar T ba ta iya ba ƙwayar B izinin sauya aji. Rashin C5 zuwa C9 yana kawo sanƙarau na bakteriyar Neisseria a kai a kai. Rashin CD18, wani ɓangare na intagirin, yana hana nutrofil fita daga jijiya: sun cika jini maƙil, amma ciwo ba ya yin mugunya, cibiyar jariri kuma ta daɗe ba ta faɗi ba. Babin waɗannan cututtuka a ƙarshen kwas yake zuwa, ni kuwa na riƙa leƙa shi tun daga farko.

Aikin ɗakin gwaji na kwaikwayo yana da illa ɗaya: kwamfuta tana barin ka danna maɓalli ba tare da ka san dalili ba. Gwajin ELISA, na gano antibodi a cikin jini, misali ne. Faranti mai ramuka 96, a shafa antijin, a toshe sauran filin robar da furotin kamar BSA, a zuba ruwan jinin da aka tsarma ninki-ninki, a wanke, a zuba antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim ɗin HRP, a sake wankewa, a sa TMB ya yi shuɗi, a tsayar da asid ya koma rawaya, a karanta a nanomita 450. Kafin kowane mataki na rubuta abin da zai faru idan aka tsallake shi. Ba toshiya, antibodi zai manne wa robar kanta, duk ramuka su yi launi. Wanki bai isa ba, sakamakon ɗaya ne. Idan ramin da aka san yana da antibodi bai yi launi ba, to faranti gaba ɗaya ba abin amincewa ba ne, ko da sauran ramukan sun yi kyau. A na'urar tantance ƙwayoyi da hasken lesa kuma, jerin zaɓe ne muhimmi: a ware limfosait (ƙwayoyin T, B da NK) ta girma da yanayin cikinsu, a ware masu CD3, wato ƙwayoyin T, sannan a raba CD4 da CD8. Wanda ya tsallake CD3 zai ƙirga monosait cikin CD4, domin su ma suna ɗauke da shi kaɗan, ya kuma ƙirga wasu NK cikin CD8.

Ƙananan gwaje-gwajen ƙarshen babi, masu ba da damar maimaitawa, suna iya yaudarar mutum. A zagaye na uku ba ilimin kake tunawa ba, wurin da amsar take a shafi kake tunawa. Na riƙa rufe zaɓuɓɓukan da hannu, na rubuta amsata, sannan na duba. Katin hadda kuwa na taƙaita shi ga lambobin CD da sunayen saitokin, domin su ba dalili a cikin lambobinsu. Duk abin da yake da jeri, zana shi nake yi a farar takarda ba tare da kallon littafi ba.

Babbar jarrabawa galibi labarin mara lafiya take kawowa, ka haɗa babi uku ko huɗu. Misali: uwa mai jini Rh-negatif, jariri Rh-fositif, me ya sa cikin farko yawanci lafiya, na biyu ne ke da haɗari? Jinin jariri yana haɗuwa da na uwa galibi a lokacin haihuwa, martanin farko kuma IgM ne, mai rassa biyar, ba ya ratsa mabiyiya. Kafin ciki na gaba an sauya aji, ƙwayoyin tuni suna nan, IgG ta ratsa ta lulluɓe jajayen ƙwayoyin jinin jariri, makrofej ɗin saifarsa su cinye su. Shi ya sa ake yi wa uwa allurar anti-D, antibodi mai kama antijin ɗin Rh, cikin awa 72 bayan haihuwa, don a hana ƙwayoyin B ɗinta koyon antijin ɗin tun farko.